Yadda ake kwashe alƙawuran sirri daga wata kalanda zuwa wata ba tare da sun bayyana ba

Ma'aikaci a Akra a yau yakan riƙe kalanda biyu ko uku ba tare da ya lura ba: akwai ta ofis da ke cikin Outlook, manhajar imel da kalanda ta Microsoft, akwai ta Google da ta zo tare da asusun Gmail na wayarsa, wani lokaci kuma akwai wadda yake tarayya da iyali ko da ƙungiyar unguwa a Nima ko Madina. Da yake kalandar ofis ce ke buɗe a gabansa tun safe har yamma, a cikinta yake rubuta komai, har da ranar ganin likita a asibitin Korle Bu, da zaman sulhu tsakanin dangi, da ranar biyan bashi, da ganawar neman wani aiki. Wata rana sai buƙatar raba su ta taso, ko don zai bar wurin aikin, ko don an ba shi sakatare da zai riƙa duba masa kalanda, ko don ofishin ya koma wata manhaja. Aikin ba shi da wuya, amma yana da tsari, kuma wanda ya fara da kwashewa kafin ya duba inda zai zuba shi ne yake wayar gari abokan aiki sun karanta abin da ya ɓoye shekara da shekaru.

Abin da alamar sirri take yi, da abin da ba ta yi

Kusan duk manhajojin kalanda suna musayar alƙawura ta tsari ɗaya da ake kira iCalendar, wanda fayilolinsa ke ƙarewa da .ics. An fara tsara shi a 1998, aka sabunta shi a 2009 a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 5545. A cikin wannan tsari kowane alƙawari rubutu ne zalla, layi bayan layi, kuma sirrinsa layi ɗaya ne tak a cikinsu: CLASS:PRIVATE. Idan layin ya ce PUBLIC, ko kuma babu shi gaba ɗaya, ana ɗaukar alƙawarin a matsayin na kowa. Akwai kuma daraja ta uku, CONFIDENTIAL, wadda manhajoji suka sha bamban wajen fassara ta.

Wannan layi ba ya kulle komai, ba ya kuma rikitar da rubutun yadda wani ba zai iya karantawa ba. Kamar a rubuta "sirri" a bayan ambulan ne a miƙa wa ɗan aike: mai mutunci ba zai buɗe ba, amma ambulan ɗin bai zama akwatin ƙarfe ba. Manhajar da ta karɓi alƙawarin ita ce ke yanke shawarar wa za ta nuna wa bayanansa, bisa izinin da aka bai wa mutane a kan kalandar da ya sauka. Kamfanin Microsoft da kansa ya gargaɗi masu amfani da Outlook cewa kada su dogara da alamar Private ita kaɗai, domin wanda yake da izinin karanta kalanda yana iya kaiwa ga bayanan ta wata manhajar. Saboda haka sirrin alƙawari ya rataya a kan abu biyu, wato alamar da ke jikinsa da kuma izinin da ke kan sabuwar kalandar, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi.

Mataki na farko: a binciki kalandar da za a kai su

Kafin a taɓa alƙawari ko ɗaya, a buɗe saitin sabuwar kalandar a ga su wa ke da iko a kanta. A kalandar Google, a shiga Settings a kwamfuta, a zaɓi sunan kalandar a gefen hagu, a duba jerin mutanen da aka raba wa ita. Izinin Google hawa-hawa ne, daga ciki akwai: ganin lokacin da mutum yake da uzuri kawai, ganin cikakken bayani, iya yin gyara, sai iya yin gyara tare da raba wa wasu. Masu hawa biyu na ƙarshe suna ganin alƙawuran sirri da dukan abin da ke cikinsu. Don haka idan maigida ya bai wa ƙaninsa ikon gyara a kalandar iyali domin ya riƙa saka ranakun biki da suna, duk alƙawarin sirrin da aka kai can a buɗe yake a gaban ƙanin, ko da alamar tana nan daram.

Akwai wani tarko a Google da ya fi wannan kama mutane. Yawancin alƙawura ba a saka musu Private ko Public, ana barin su a kan Default visibility, ma'ana su bi tsarin kalandar da suke ciki. Alƙawarin da ya shekara a ɓoye saboda kalandarsa ba a raba wa kowa ba, da zarar an mayar da shi kalandar da mutum goma ke gani, sai ya bi tsarin sabon wurin. Dole ne a buɗe irin waɗannan a saka musu Private tun suna tsohon wurinsu.

A Outlook na kwamfuta, wato tsohon nau'in da ake kira classic, a danna sunan kalandar da maɓallin dama na linzami a duba izinin rabawa, sannan a je File, Account Settings, Delegate Access, a ga ko akwai wakilin da aka yi wa alama a akwatin Delegate can see my private items. Wannan akwati ba ya tantance kalanda da kalanda yadda mutane suke zato, yana buɗe wa wakilin abubuwan sirri a wuraren da yake da izinin shiga.

Shawarata a nan ɗaya ce, kuma ina ganin ta fi kowace dabara amfani: a ƙirƙiri sabuwar kalanda, wadda babu komai a cikinta kuma ba a raba wa kowa ba, a sa mata suna marar jan hankali, a fara zuba alƙawuran a can. Idan aikin ya lalace, ko aka shigar da fayil sau biyu komai ya ninku, sai a goge kalandar gaba ɗaya a sake, maimakon a zauna ana tsince alƙawura ɗari uku ɗaya bayan ɗaya daga cikin na asali.

Mataki na biyu: a ajiye kwafi

A Outlook a bi File, Open & Export, Import/Export, a zaɓi Export to a file, sannan Outlook Data File, a nuna kalandar. Fayil ɗin .pst da zai fito yana riƙe da alamar sirri da launuka da maimaituwa yadda suke. A Google a shiga Settings, Import & export, a danna Export, za a samu ƙunshi ɗaya na zip mai ɗauke da fayil ɗin .ics na kowace kalanda. Wannan ba ya yiwuwa daga manhajar waya, sai a burauzar kwamfuta. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke ana tsakiyar aiki, wannan kwafin shi ne madogara.

Mataki na uku: kwashewa a cikin Outlook

Idan kalandun biyu suna cikin Outlook ɗaya, babu buƙatar fitar da fayil. Abin da ake buƙata shi ne a tara alƙawuran sirrin wuri ɗaya a idon mutum. A buɗe tsohuwar kalandar, a je View, Change View, a zaɓi List. Kalandar za ta koma jeri, layi ɗaya ga kowane alƙawari, kuma alƙawarin da ke maimaituwa kowane mako ko kowane wata zai fito a layi guda, wanda hakan shi ne babban amfanin wannan tsari. Daga nan a shiga View Settings, Filter, Advanced, a zaɓi filin Sensitivity daga jerin filayen alƙawari, a ce ya zama daidai da Private, a ƙara shi cikin sharuɗɗa. Abin da zai rage a allon su ne na sirri kaɗai.

A nan ya kamata a tsaya a karanta jerin da kyau, a rubuta adadinsu a takarda, sannan a cire tacewar na ɗan lokaci a nemi waɗanda suka cancanci sirri amma aka manta ba a yi musu alama ba. Ana yi wa alƙawari alama ta buɗe shi a danna hoton kwado mai suna Private. Idan mai maimaituwa ne, sai an buɗe jerin gaba ɗaya, domin Outlook na kwamfuta ba ya yarda a ɓoye rana ɗaya daga cikin jeri a bar sauran.

Sai a gwada da guda ɗaya. A ja shi da maɓallin dama na linzami zuwa sunan sabuwar kalandar a gefen hagu, a saki, Outlook zai tambaya ko a kwafa ko a mayar. A zaɓi Copy, a buɗe shi a sabon wurin, a tabbatar kwadon yana nan kuma lokacin bai motsa ba. Idan ya yi daidai, a goge na gwajin, a danna Ctrl da A don zaɓar duka, a ja su gaba ɗaya. Na fi son a kwafa tukuna a bar gogewa sai daga baya, domin mayarwa kai tsaye ba ta barin abin da za a kwatanta da shi.

Wajibi ne a bambanta alƙawarin da mutum ya rubuta wa kansa da taron da aka gayyaci wasu. Na farko yana tafiya ko'ina lafiya. Taro kuwa yana ɗaure da adireshin imel na wanda ya kira shi da na waɗanda aka gayyata, kuma yana da lambar shaida da manhajoji ke bi don isar da sauyi. Kwafin taro ba ya samun sanarwa idan mai kiran ya ɗaga ranar ko ya soke, kuma wasu sababbin nau'o'in Outlook ma sun hana kwafar taro saboda irin wannan ruɗani. Idan taron na wani ne, abin da ya fi shi ne a roƙe shi ya sake turo gayyata zuwa sabon adireshin. Idan mutum ne ya kira taron, ya soke shi daga tsohon asusun ya sake kira daga sabon, ya sani kuma cewa sanarwar sokewar za ta je wa kowa da taken taron a jikinta.

Idan sakatare ne zai yi aikin

A ofisoshi da yawa, Alhaji ko Hajiya ba su ne ke taɓa kwamfutar ba, sakatare ake bar wa. Sakataren da ba a ba shi izinin ganin abubuwan sirri ba zai ga rubutun Private Appointment a kan lokacin, amma ba zai iya buɗe shi ko ya mayar da shi wata kalanda ba. Sakamakon haka yakan kwashe duk abin da ya samu ya ce an gama, alhali waɗanda aka fi damuwa da su suna tsohon wurin, kuma ranar da aka rufe tsohon asusun su tafi tare da shi. Hanya biyu ce. Ko dai mai kalandar ya zauna da kansa ya yi wannan ɓangaren, sakataren yana gefe yana nuna masa inda zai danna, ko kuma ya buɗe masa izinin ganin sirri na tsawon aikin ya rufe da zarar an gama. Ta farkon ta fi, tunda abin da ido ya gani ba a janye shi da cire alama a akwati. Bayar da kalmar sirrin asusun gaba ɗaya kuwa bai kamata ya shigo cikin lissafi ba.

Mataki na huɗu: daga Outlook zuwa Google

A nan ne kalandar wucin gadi take nuna amfaninta, domin Outlook yana fitar da kalanda ne sukutum, ba zaɓaɓɓun alƙawura ba. Bayan an tara na sirrin a kalandar da aka ƙirƙira, a zaɓe ta ita kaɗai, a je File, Save Calendar, a danna More Options. A wurin kwanan wata a zaɓi kalandar gaba ɗaya, a wurin bayani a zaɓi Full details, sannan a buɗe ɓangaren Advanced a yi alama a akwatin Include details of items marked private. Idan aka tsallake wannan akwati, fayil ɗin zai fito da lokuta kawai, kowanne da taken Private Appointment, babu suna, babu wuri, babu bayani. Mutane da dama sai bayan sun goge na asali suke gano cewa ɓawon suka kwashe.

Kafin a shigar da fayil ɗin, a buɗe shi da Notepad a nemi kalmar CLASS. Kowane alƙawari yana farawa da layin BEGIN:VEVENT, kuma ya kamata a ga CLASS:PRIVATE a ƙarƙashin kowanne, da takensa na gaskiya a layin SUMMARY. Wannan dubawa ba ta wuce minti biyu, kuma tana nuna wa mutum ƙarara cewa duk wanda ya samu fayil ɗin zai karanta komai.

A Google a shiga Settings, Import & export, a zaɓi fayil ɗin, sannan a kula da akwatin da ke ƙasa mai tambayar kalandar da za a zuba, domin yakan tsaya a kan babbar kalandar mutum idan ba a sauya ba. Google ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 1, don haka idan ya yi girma a koma Outlook a fitar da shi shekara-shekara. Sunayen waɗanda aka gayyata da mahaɗin taron bidiyo ba sa biyo alƙawarin ta wannan hanya, launukan Outlook ma haka, kuma takardun da aka maƙala, kamar sakamakon gwajin asibiti, gara a sauke su daban a adana. Tunatarwa ita ma a duba ta, domin sau da yawa alƙawarin yakan ɗauki tsarin tunatarwar sabuwar kalandar.

Wasu suna fitarwa ta fayil ɗin CSV da ake buɗewa a Excel. Ba na ba da shawararsa ga wannan aiki, saboda yana farfasa alƙawari mai maimaituwa zuwa ranaku daban-daban marasa alaƙa da juna.

Daga Google zuwa wani wuri

Tsakanin kalandu biyu na asusu ɗaya, a buɗe alƙawarin don gyara, a sauya sunan kalandar a akwatin da ke kusa da launi, a tabbatar an zaɓi Private, a adana. Google ba shi da hanyar zaɓar alƙawura da yawa a mayar lokaci ɗaya, don haka ko a bi su ɗaya bayan ɗaya, ko a fitar da kalandar gaba ɗaya. Idan asusun na ofis ne ko na makaranta, mai kula da tsarin yana iya hana fitarwa ko rabawa da adireshin waje, kuma a irin wannan hali shi za a je wa, ba a nemi hanyar zagaye ba.

Idan Outlook na kwamfuta ne zai karɓi fayil ɗin, zai tambaya ko Open as New ko Import. Na biyun yana zuba komai a babbar kalanda, wadda ita ce abokan aiki suke gani, na farkon kuma yana buɗe kalanda ta daban, shi ya sa ya fi dacewa. A Outlook na burauza, Add calendar sannan Upload from file yana ba da damar zaɓar kalandar da ake so.

A cikin saitin kowace kalandar Google akwai wani adireshi mai suna Secret address in iCal format, wanda wasu ke liƙawa a Outlook don su riƙa ganin kalandar a can. Wannan ba kwashewa ba ce, leƙe ne daga nesa: ba a iya gyara komai ta nan, sauye-sauye sukan ɗauki awanni kafin su bayyana, kuma duk wanda ya samu adireshin zai ga kalandar ba tare da kalmar sirri ba. Idan an taɓa tura shi ga wani, a danna Reset don tsohon ya daina aiki.

Masu Thunderbird, wata manhajar imel da kalanda, suna da zaɓi uku a kowane alƙawari, kuma Private Event shi ne daidai da alamar da muke magana a kai. A kalandar Apple, akwatin sirri yana fitowa ne kawai idan asusun da ke bayanta yana goyon bayansa, kamar Exchange, tsarin imel da kalanda na ofisoshi na Microsoft, saboda haka wanda zai kai alƙawuransa iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, ya ɗauka cewa duk wanda ya raba wa kalandar zai gan su.

Batun agogo

Ghana tana kan lokacin GMT duk shekara, ba ta sauya agogo. Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa uku. Ingila kuwa tana daidai da mu a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana ƙara awa ɗaya. Wannan yana shafarmu kai tsaye, domin kwamfutoci da yawa da ake sayowa na hannu daga Turai suna zuwa da saitin Dublin, Edinburgh, Lisbon, London, kuma mai gyara yakan daidaita agogon da hannu ya bar yankin yadda yake. Alƙawuran da aka rubuta a irin wannan kwamfuta suna ɗauke da yankin Landan a jikinsu, sai a kai su Google mai saitin Akra a tarar na watan Yuni sun koma baya da awa ɗaya, na Disamba kuma suna daidai. A Windows, zaɓin da ya dace da Ghana shi ne Monrovia, Reykjavik. Saboda haka wajen gwaji a ɗauki alƙawari ɗaya daga damina da ɗaya daga lokacin hunturu, a kuma duba na yini guda cur, domin su ne sukan tsallaka su mamaye kwana biyu idan yankin ya saɓa.

Mataki na ƙarshe: tabbatarwa da share sawu

Mai kalanda yana ganin komai a allonsa, don haka idonsa ba ya isa shaida. A nemi wanda aka amince da shi daga cikin masu ganin kalandar, a ƙirƙiri alƙawarin gwaji marar muhimmanci mai alamar sirri, a ce masa: "Yaya, don Allah duba min ranar Laraba da ƙarfe goma, me ka gani?" Idan ya ce lokaci kawai ya gani an rufe, to tsarin yana aiki. Idan ya karanto taken, a koma kan izini kafin a ci gaba. Sannan a kwatanta adadin da aka rubuta a takarda da abin da ya sauka.

Sai bayan haka ake goge na tsohon wurin, kuma gogewar tana da hawa. A Outlook abin da aka goge yana komawa Deleted Items, wanda shi ma sai an zubar. Ko bayan an zubar, Exchange Online yana riƙe shi aƙalla kwana 14 a bisa tsarinsa na asali, kuma ofis yana iya tsawaita hakan ko ya adana kwafi bisa ƙa'idar aikinsa. A Google kwandon sharar kalanda yana riƙe abin da aka goge kwana 30, kuma masu ikon gyara a kalandar suna iya leƙa shi, don haka a shiga a zubar da hannu. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma ma'aikacin da yake son sanin abin da ofis ke riƙe da shi a kansa yana da damar tambaya.

Fayilolin .ics da .pst da aka fitar su ne aka fi mantawa. Kada a tura su ta WhatsApp ko imel na ofis, kada kuma a yi wannan aiki a kwamfutar shagon intanet ko na ɗab'i, inda fayil yakan kwana a Downloads har mai zuwa na gaba ya same shi. Bayan mako ɗaya ko biyu da aka ga sabuwar kalandar tana aiki kuma tunatarwa tana zuwa a kan lokaci, a goge su daga kwamfutar da filashi da kwandon shara. A wayar hannu kuma a shiga saitin manhajar kalanda a mayar da sabuwar kalandar ta zama wadda sababbin alƙawura ke faɗawa kai tsaye, in ba haka ba alƙawarin likita na gaba zai sake sauka a ta ofis.